Lissafi da Safe, Turanci da Rana

Na ga saƙonninku, masu karatu. Wata ta rubuto ta ce, "Hajiya, da girmanki kike ba mu labarin saurayi?" Wata kuma ta ce tun da na buɗe wannan shafi miyarta take ƙonewa. Ta farko, ki kwantar da hankalinki, furfurarsa ta fi tawa. Ta biyu, je ki sauke tukunya, ina nan.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Binta, haifaffiyar Kafanchan, 'yar gidan masu sayar da atamfa tun lokacin da jirgin ƙasa yake cika garin nan da baƙi. Lissafi na koyar a makarantar kwana ta 'yan mata har na yi ritaya. Maigidana ya daɗe da rasuwa, yarana biyu sun girma sun watse. Ina zaune lafiya da kajina da rediyona, sai ga Malam Badruddeen, tsohon mataimakin shugaban makaranta wanda shi ma matarsa ta rasu, wai yana so na da aure. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Yarana kuwa sun gama yanke hukunci: ko in amsa masa, ko in tattara in koma Abuja gidan ɗana Jamiluddeen, saman bene, inda ko carar zakara ba a ji.

Ranar Alhamis da hantsi ina wanke acca sai waya. Humaira ce, 'yata, daga Zariya.

"Umma, kin ba shi amsa?"

"Gaisuwa ta ƙare a Zariya ne?"

"Ina kwana, Umma. Kin ba shi amsa?"

"Ina nazari."

"Umma, mutum ne fa, ba takardar jarrabawa ba. Yaya Jamilu ya ce in aka kai hutun Disamba ba a ji komai ba, da mota zai zo."

"Ya zo da tirela. Kajina ba sa shiga ƙaramar mota."

Ta ja tsaki a hankali, irin wanda take zaton ba na ji, ta kashe.

Abin da ban iya gaya wa Humaira ba, ku zan gaya muku. Babansu mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma duk zaman da muka yi ban taɓa jin ya ce "ashe" ba. In ya ce za a yi ruwa, rana ta fito, to ranar ce ta yi kuskure. Na zauna da haka sau ɗaya, na gode Allah, ba na son ƙari. Abin da nake so in sani game da Malam Badruddeen ke nan, kuma ba tambayar da ake yi wa mutum baki da baki ba ce, don kowa cewa zai yi shi mai karɓar gyara ne.

Da azahar saƙonsa ya shigo. Shi saƙon waya yake rubutawa kamar zai aika ma'aikatar ilimi:

"Zuwa ga Malama Binta. Bayan gaisuwa mai yawa. Zan zo bayan la'asar in Allah ya yarda, kuma ina tafe da muhimmin batu. Naki, B."

Muhimmin batu. Na ce wa kaina ba abin da zan canja, yadda ya same ni haka zai gan ni. Sai ga ni a gaban akwati ina tono atamfata mai ruwan ganye daga can ƙasa, na goge ta, na ɗaura ɗankwalinta, na zizara kwalli, na saƙala tabarauna mai sarƙa. Har turaren wuta na sa a baranda, wai don sauro.

Ya zo cikin farin kaftani mai kari, hula kube, biro uku a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi, kamar wanda za a iya kira ya yi makin jarrabawa a kan hanya. Na zuba masa kunun gyaɗa. Ya sha, ya yaba, ya gyara murya. Na sunkuyar da kai kamar yarinya, Allah ya yafe mini.

"Malama, batun makarantarmu ne."

Kun ji muhimmin batun. Na ɗago kaina na gyara tabarau.

Akwai wata ƙaramar sakandaren gwamnati a gefen gari, ba zan faɗi sunanta ba. Can ya yi aiki, kuma yanzu shi ne shugaban kwamitin iyaye da malamai. Yaran makarantar kusan rabi da rabi ne. Rabi 'ya'yan cikin gari, iyayensu 'yan kasuwa, galibi Musulmi. Rabi daga unguwannin manoma na hanyar Kagoma, galibi Kirista. Kuma shekara da shekaru, in ji shi, sakamako iri ɗaya ne: yaran gari su cinye lissafi su faɗi Turanci, yaran ƙauye su cinye Turanci su faɗi lissafi.

"Ba abin da ban yi ba," ya ce. "Ni na tsara musu jadawalin darussa da hannuna tun ina aiki. Na sa lissafi da sassafe, lokacin da ƙwaƙwalwa take da sanyi, har yau ba wanda ya taɓa shi. Duk da haka yaran ƙauye ba sa ci. To kin ga abin a jini yake. Ɗan kasuwa da ƙirga aka haife shi. Su kuma tun suna goye suke jin karatu da waƙa a coci, harshe ya zauna musu. Allah ya raba baiwa don kowa ya nemi ɗan'uwansa."

Wannan jimla ta ƙarshe kowa a garin nan ya san ta. Ya fara faɗinta ne a taron raba kyaututtuka, a wata shekarar da garin ya fito daga rikici, mutane ba sa ko haɗa ido a kasuwa. Ina wurin. Fasto ya tafa, liman ya tafa, mata suka yi ta share hawaye. Daga baya aka rubuta ta da fenti a bangon makarantar.

"To yanzu me kake so a yi?" na ce.

"A raba su. Ajin lissafi daban, ajin harshe daban, kowa ya bi abin da aka halicce shi da shi. Alhamis mai zuwa kwamiti zai zauna, kuma duk sun goyi baya."

"Malam, in an raba, wane aji ne zai riƙa salla, wanne ne zai riƙa sujada a coci?"

"Haba Malama. Da maki za a raba, ba da addini ba."

"Ai makin ya riga ya san addinin kowa, kai ka faɗa yanzu."

Ya yi dariya ya ce ga ni nan, 'yar kasuwa kuma malamar lissafi, ni ce ma babbar hujjarsa.

"Ƙanena Ɗan'auta a kasuwa aka yanke masa cibiya," na ce, "har yau da yatsu yake ƙirga yadi, kuma sai ya ɓata. Misali ɗaya ba hujja ba ne, Malam. Ko ni ce misalin."

Ya ce ina da tsaurin kai, amma da murmushi ya faɗa. Ya ƙara kunu ya tafi, bai ko lura da atamfar ba.

Ba haushi na ji ba, ku fahimce ni. Abin ne ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a ka. Ya yi tsabta da yawa. Na koyar da yara masu yawan gaske, ban taɓa ganin baiwa ta shiga layi haka ba, a warwatse take zuwa kamar gyaɗa ta zube daga tire. Kuma yarinyar da ta fi kowa lissafi a duk aikina, Emilia, 'yar wani manomin citta ce daga wajen Zonkwa. To ita jinin wa ta ara? Me ya sa a makarantarmu ta kwana abin bai rabu haka ba?

Ranar Asabar sai ga Paulina. Ƙawata ce tun firamare, nas ce da ta yi ritaya, kuma bakinta bai yi ritaya ba. A irin Hausarta, mace da namiji duk "shi" ne da "kai". Tana tafe da jikarta Yemima, 'yar aji biyu a waccan makarantar, wadda ke zaune da iyayenta a ƙauye, ta shigo gari kitso.

"Binta! Yaya saurayinmu? Ya kawo goro, ko har yanzu leta yake rubutawa?"

"Rufa mini baki, ga yarinya."

"Wane yarinya? Shi ma ya sani. Duk zumuntar matan cocinmu sun sani, muna maka addu'a." Ta zube a kujera ta cire takalmi. "Ka ga wannan, ya sake faɗi lissafi. Ya yi ta kuka. Na ce masa kada ya damu, lissafi ba namu ba ne, na su Binta ne. Mu Turanci Ubangiji ya ba mu."

"Ke da kika shekara nawa kina auna magani a asibiti? Da Turanci kike aunawa?"

"Wannan daban ne," in ji Paulina, ta miƙa hannu ta ɗauki lemo.

Na karɓe lemon na ɓare, na kira Yemima ta zauna a tabarma. Siririya ce, idanunta manya, rabin kanta a kitse rabi a tsefe. Na baje 'ya'yan lemon na fara da rabi da kwata. Ta amsa. Na haɗa sulusi da kwata, ta kakare, na nuna mata sau ɗaya yadda ake yi, ta yi na gaba ita kaɗai. Na ɓoye wasu a tafin hannuna na ce ta gano nawa ne daga abin da ya rage, ta gano. Na ƙara wuya, ta bi ni. Har ta fara riga ni, tana cije leɓe don kada ta yi murmushi.

"Ke," na ce, "me kike yi a aji da ake ba ki sifili?"

Ta dubi kakarta, ta dube ni.

"Kaka, ni ban taɓa ganin farkon lissafi ba. Kullum in na shiga, Malam ya kai tsakiya. Wani lokaci ma yana share allo."

Paulina tana tauna lemo, ba ta ji komai a maganar ba. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai.

Litinin da sassafe na ɗauki kujerar roba, lema da filas na shayi, na hau acaba, ɗan acaban yana ta mita wai kujerar tana sukar bayansa. An kwana ana ruwa, hazo ya rufe tsaunin Kagoro. Na kafa kujerata a ƙarƙashin wani mangwaro da ke kallon ƙofar makarantar, na zauna kamar mai jiran mota.

Yaran gari suka fara zuwa, takalma a goge, hijabai farare fes, wasu suna ƙarasa cin ƙosai. Aka kaɗa ƙararrawa, aka yi asembili, aka yi addu'a iri biyu, aka shiga aji. Tagogin ba gilashi, ana jin komai. Wannan aji lissafi, wancan aji lissafi. Na leƙa, kujeru kusan rabi ba kowa.

Sai da darasi ya yi nisa sannan suka ɓullo daga hanyar Kagoma, gungu-gungu, takalma a hannu, taɓo har gwiwa. 'Yan matan sun ƙunshe kayan makaranta a leda, suna laɓewa bayan katanga su canja. Na tambayi wata, ta ce rafi ne ya cika, sai da suka jira ya ja. Na ce in ba damina ba fa? Ta ce da kaka akwai tonon citta kafin a fito, da rani kuma nisan ma ya isa.

Na zaci za su wuce aji da gudu. Ina! Firifet ya tare su a ƙofa, suka durƙusa, sannan aka raba musu langalanga, horon masu latti. Kuma da yake 'ya'yan manoma ne, hannunsu ya iya, yankan ciyawarsu gwanin kyau, sai malamin da ke kula da aikin ya riƙa ƙara musu fili yana yaba musu. Ga Yemima can tana sara kamar an biya ta. Kafin su wanke hannu su shiga, na ji malamin lissafi yana cewa wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi.

Na kusa naɗe lemata in tafi gida ina jin daɗin kaina. Amma rabin amsa ke nan. Su yaran gari da suke zuwa da wuri, me ya haɗa su da Turanci? Akwai sauran shayi a filas, sai na gyara zama.

Rana ta take, aka kira azahar. Sai na ga katangar baya ta fara ɗiga. Akwai wata ɓaraka kusa da rijiya, yara suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, duk 'yan gari. Ban buƙaci in tambayi kowa ba, ni ma na yi wannan aikin ina yarinya: lokacin kai wa iyaye abinci kasuwa ya yi, daga nan a wuce Islamiyya. Malamai suna gani suna kau da kai, ai uzuri ne. Na taka zuwa taga. Wata malama tana karanta labari da Turanci, muryarta mai daɗi, a gaban rabin aji. Yaran ƙauye ne zalla, su da ba su da inda za su je sai an tashi su kama hanya tare.

Na koma kujerata na yi ta dariya ni kaɗai har mai gasa masara ta matsar da kaskonta. A makarantarmu ta kwana ƙararrawa ɗaya ke tashin kowa, ita ke kwantar da kowa. Shi ya sa Emilia ta ga farkon lissafi.

Sai dariyar ta tsaya, don na tuna wanda ya tsara jadawalin da hannunsa. Ga kuma jimlarsa a bango tana kallo na, fentin ya fara ɓarewa.

Da na isa gida na kira Paulina na zayyana mata. 

"Yesu. To ni da na ce wa yarinya ba namu ba ne?" Sai kuma ta farfaɗo. "Amma ji nan, Binta, kada ka gaya masa yanzu. Bari a ɗaura tukuna. Namiji ba ya son a nuna masa ya yi mistek, balle wanda aka rubuta a bango."

Humaira ma haka, da Paulina ta kai mata rahoto. Saƙonni suka riƙa shigowa a jere: "Umma don Allah." "Ki bar bawan Allah da jadawalinsa." "Ina ruwanki da makarantar da ba ki da ɗa a ciki?" "Wallahi Abuja za ki ƙare." Sai hoton fuska mai kuka har guda nawa.

Na san suna iya yin gaskiya. Mutum ne da garin nan ya san shi da magana ɗaya tak, ga ni zan cire masa ita. Kuma, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba, ina son zuwansa. Ina son yadda yake hura kunu ko ya huce. Amma tambayar da na rasa yadda zan yi masa ce ta zo har gida da ƙafarta, in na kauce mata yanzu sai in zauna ina zato har in mutu. Na rubuta masa da irin salonsa:

"Zuwa ga Malam Badruddeen. Bayan gaisuwa. Ranar Laraba za mu yi zance a bakin makaranta, kafin ƙararrawar farko. Ka zo da kujerarka. Binta."

Amsa ta zo nan take, ko gaisuwa babu: "Da sassafe? Me mutane za su ce?"

"Za su ce tsofaffi biyu suna shan iska."

Ya zo, da kujerar katako mai naɗewa da jarida. Na sa atamfar nan mai ruwan ganye, wannan karon ya ce, "Sabuwa ce?" Na ce tsohuwa ce. Na ƙudura ba zan ce masa komai ba, idonsa ya yi aikin.

Da masu lattin suka ɓullo, ya naɗe jarida ya nuna su da ita.

"Kin gani ko? Rashin horo. A zamaninmu..."

"Sha shayinka, Malam."

Ya kurɓa. Suka durƙusa, aka raba langalanga. Yemima ta hango ni ta ce, "Kaka, ina kwana," tana riƙe da takalmi. Daga tagar da ke bayanmu muryar malami tana fitowa, yana bayanin yadda ake nemo abin da ba a sani ba. Na ga kan Malam Badruddeen ya juya zuwa tagar, ya dawo kan masu yankan ciyawa, ya sake komawa tagar. Ya dubi agogonsa. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Kullum haka ne?"

"Ban sani ba. Sau ɗaya na zo. Tambaye su."

Ya tashi ya je. Na hango shi ya sunkuya yana magana da yaran, wannan ya amsa, waccan ta amsa, suna nuna hanyar Kagoma da langalanga. Ya daɗe. Da ya dawo kaftaninsa ya kwashi ciyawa, bai kakkaɓe ba.

"To na ji wannan," ya ce. "Amma Turancin fa? Namu ai suna nan tun safe."

"Akwai masara. Mu jira azahar."

Muka jira. Ya saya mini gasasshiyar masara, ya manta ba ni da haƙoranta, na riƙe ta kawai. Mutane suna wucewa suna gaishe mu suna waiwaye, na san kafin la'asar labari ya kai Zariya. Aka kira salla, katangar baya ta fara ɗiga. Ya miƙe tsaye yana kallo. Can sai ya daka tsawa:

"Ja'afaru!"

Wani yaro da ya riga ya fitar da ƙafa ɗaya ta ɓarakar ya daskare. Jikansa ne, ɗan babban ɗansa mai shagon taya. Ya zo yana sosa ƙeya.

"Ina za ka?"

"Zan kai wa Baba abinci."

"Wane darasi ake yi yanzu?"

"Turanci ne kawai, Alhaji."

"Kawai?"

Yaron ya ɗago da mamaki na gaskiya, ba rashin kunya ba.

"Ai kai ka ce ba namu ba ne." Ya nuna bango.

Na so ƙasa ta buɗe, ba don kaina ba. Malam Badruddeen ya sallami yaron da hannu, ya koma ya zauna. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya daɗe yana kallon rubutun nan.

"Lokacin da na faɗe ta," ya ce, ba ni yake kallo ba, "mutane suna bukatar su ji wani abu mai daɗi game da junansu."

"Na sani. Ina wurin. Ni ma na yi kuka."

"Yara nawa ke nan suka wuce ta ƙarƙashinta?"

Ya juya hular a hannunsa, ya ja numfashi.

"Ashe ba jini ba ne," ya ce. "Agogona ne."

Masu karatu, na haura sittin, ina shan maganin hawan jini, amma abin da ƙirjina ya yi a lokacin ba ya cikin takardar likita. Ban tsaya nazari ba.

"Malam, ka turo mutanenka."

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya dube ni sosai.

"A'a."

Masarar ta kusa faɗuwa daga hannuna.

"Gobe zan janye maganar raba aji," ya ce. "Zan roƙi a mayar da lissafi da Turanci zuwa hantsi, lokacin da kowa yake nan, a ajiye langalanga sai ranar Juma'a. A yi zango guda a haka. In sakamako ya cakuɗe, ni zan sayi fenti in shafe wancan da hannuna, sannan in turo. In na turo yau, ba za ki taɓa sanin ko gaskiya na bi ko ke na bi ba. Ni ma ba zan sani ba." Ya ɗaga yatsa. "Kuma safiya biyu kawai muka gani. Wata malama ta ce mini misali ɗaya ba hujja ba ne."

"Sakamakon ai sai Disamba. Jamilu yana zuwa da mota."

"Ki ce ya zo, zai ga biki ko ya taya ki kama kaji."

"In kuma sakamakon bai canja ba fa?"

Ya naɗe kujerarsa ya saɓa a kafaɗa, gefen bakinsa yana motsi.

"Sai ke ki ce ashe. Ni ma ina so in ga ko kin iya."

Na tsaya da lema da masara ina kallon bayansa. Duk tsawon watannin nan ina zaton ni kaɗai nake riƙe da jan biro.

Humaira ta kira kafin in cire mayafi. Na ce mata na ba shi amsa. Ta yi ihu, ta ce yaushe za a kawo goro. Na ce a tambayi 'yan aji biyu. Har yanzu tana zaton tsufa ne ya fara taɓa ni.

Yau Asabar. Ɗazu da hantsi saƙonsa ya shigo:

"Zuwa ga Malama Binta. Bayan gaisuwa mai yawa. Kwamiti ya amince, bayan doguwar muhawara. Sabon jadawali zai fara Litinin. Ƙarin bayani: an hana ki koya wa Yemima lissafi a gida har zuwa Disamba, domin za ki ɓata gwajin. Naki, B."

Na karanta shi sau biyu. Na dubi tabarma, inda yarinyar take zaune tun safe da lemo a ɓare a gabanta, fensir a bayan kunne, tana jira na.

Na kife wayar a kan kujera.

"Matso nan," na ce mata. "Yau daga farko za mu fara."